Buga littafin girki da kuɗin kai: ta ina za a fara, kuma wa zai saya?

Mai girkin biki, Tahoua:
Assalamu alaikum iyayena da ƴan'uwana na wannan zaure. Sana'ata girkin biki da suna ce a nan Tahoua, kuma duk abincin da na iya, tun daga wanda na koya a hannun mahaifiyata har wanda na tsinta a gidajen da na yi wa aiki, na rubuta shi a kaye, wato littafin rubutu. Yanzu ina so in mayar da shi littafi, in buga da kuɗina, domin na lura masu buga littattafai sun fi karkata ga na lekol, waɗanda kasuwarsu tabbatacciya ce. Abin da ke ciki abincinmu ne na Adar: fura da tukuɗi, dambu, tuwon gero da miyar kuka, masa, ɗanwake, alkaki, da hanyoyin sarrafa cuku. Ina neman shawararku a kan harshen da ya kamata in rubuta shi, da yawan kwafin da zan fara da shi, da hanyar da zai isa hannun masu saye ba tare da na zuba jarina a kwali ya kwanta a ɗaki ba.

Mai shagon littattafai, Yamai:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Zan faɗa miki abin da nake gani a shago kullum, ko da ba zai yi daɗin ji ba. Matan da ke shigowa su ciro kuɗi su sayi littafin da ba na makaranta ba ne kuma ba na addini ba, yawancinsu ma'aikata ne da suka yi karatu da Faransanci, sai baƙi da ke neman tsarabar da za su koma da ita ƙasarsu. Saboda haka, idan kuɗinki kike so ya dawo da wuri, ki sa a fassara shi zuwa Faransanci, a yi masa hotuna masu kyau da bango mai kauri. Littafin Hausa yana da masoya, amma mai yabo daban ne, mai saye daban.

Malamar lekol, Yamai:
Alhaji, ban musa abin da kake gani a shagonka ba, amma shagonka ba shi ne iyakar kasuwar ba. Matar da ta fi bukatar wannan littafi ita ce yarinyar da aka yi wa aure aka kai ta wani gari, babu uwa kusa, babu gwaggo, ga miji yana son tuwon da ya saba ci a gidansu. Irin wannan yarinya da Hausa take tunanin girki, ko da ta yi lekol, kuma kalmomin aikin kansu da Hausa suke: talge, ruɗe, tuƙi, turare, rege, surfe, bakace. Idan aka juya su zuwa Faransanci sai an yi doguwar jimla kafin a bayyana abin da kalma ɗaya ta ɗauka, kuma duk da haka ba za a cim ma ainihinsa ba. Ban da wannan, tun shekarar 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Dokar ba za ta sayar wa kowa littafi ba, amma dai masu koyar da yaƙi da jahilci da makarantun da ke koyarwa da harsunan gida suna fama da ƙarancin abin karantawa wanda ya shafi rayuwar mata ta yau da kullum, kuma littafin girki yana cikin abin da mace za ta buɗe da son ranta, ba don an tilasta mata ba.

Mai shagon littattafai, Yamai:
Malama, to a haɗa harsunan biyu, shafin dama Hausa, na hagu Faransanci, kowa ya samu nasa.

Tsohon ma'aikacin maɗaba'a, Yamai:
Kafin ku yanke wannan, bari in shigo da maganar inji, domin a nan ne kuɗin yake tafiya. Ƴata, harshe biyu yana nufin shafuka kusan ninki biyu, takarda ninki biyu, kuma farashin da za ki ɗora wa mai saye zai hau daidai da haka.

Akwai hanya biyu ta bugu. Ta farko ita ce babban inji mai aiki da faranti, wanda sai an zana kowace fuska ta takarda a jikin farantin ƙarfe kafin a fara. Kuɗin farantan nan ɗaya ne ko kwafi 100 za a buga ko 2,000, shi ya sa idan kwafi ya yi yawa farashin kowane ɗaya yake sauka. Ta biyu ita ce injin da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta ba tare da faranti ba. Kowane kwafi ya fi tsada, amma za ki iya cewa a yi miki 50 kawai, in sun ƙare ki dawo.

Ga inda masu littafin girki suke faɗawa rami. Baƙin rubutu faranti ɗaya yake ci a kowace fuska, hoto mai launi kuwa faranti huɗu, domin launi huɗu ake haɗawa: shuɗi, ja, rawaya da baƙi. A injin da ke ɗaukar shafi 8 a fuska guda, babbar takarda ɗaya tana ba da shafi 16 idan aka naɗe ta. Littafi mai shafi 96 ke nan takarda 6 ne, wato fuska 12. Idan kika watsa hotuna masu launi a ko'ina cikin littafin, faranti 48 za a yi miki. Idan kuwa kika tara hotunan duka a shafi 16 na tsakiya, sauran kika bar su baƙi da fari, faranti 18 sun ishe ki. Wannan bambanci kaɗai yana iya raba littafin da talaka zai saya da wanda zai kalla ya wuce. Shi ya sa kuma nake ba ki shawara yawan shafukan ya kasance abin da 16 za ta raba, don kada ki biya kuɗin takardar da za a yanke a zubar.

Abu na ƙarshe, kuma kada ki yi sakaci da shi: haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Ba kowane salon rubutu na kwamfuta ne yake da su ba, kuma na sha ganin aikin da aka kawo lafiya lau, da aka buɗe shi a wata kwamfutar sai ƙananan akwatuna suka maye gurbinsu. Ki miƙa aikin a PDF, wato irin fayil ɗin da rubutunsa ba ya sauya kama daga wata kwamfuta zuwa wata, ki nemi a buga miki kwafi ɗaya na gwaji, ki zauna ki karanta shi daga bango zuwa bango, sannan ki sa hannu a ci gaba. Duk kuskuren da ya wuce bayan sa hannunki, naki ne, maɗaba'a ba za ta ɗauka ba.

Mai girkin biki, Tahoua:
Baba, Allah ya saka da alheri, wannan bayani ya buɗe mini ido. Game da harshe, zuciyata ta fi kwanciya da maganar Malama, domin da Hausa na rubuta shi kuma mutanen da nake da su a raina Hausa suke ji. Amma zan ɗauki wani abu daga shawarar Alhaji, in sa sunayen kayan haɗi da Faransanci a shafi biyu ko uku a ƙarshe, don wadda za ta aiki yaro kasuwa a Yamai ko ta nemi kayan a wata ƙasa.

Malamar lekol, Yamai:
Yaya, tunda kin tsaya a kan Hausa, ina da tambayar da a ganina ta fi ta harshe da ta inji nauyi. Yaya kika rubuta awo a cikin kayen nan? Ki kawo mana misali ɗaya yadda yake a rubuce.

Mai girkin biki, Tahoua:
Ga na masa yadda na rubuta: a jiƙa shinkafa ta kwana, a kai niƙa, a dafa wata kaɗan a zuba a ciki, a sa yis da sukari daidai misali, a rufe har ya tashi, a sa gishiri da ɗan ruwan kanwa, a soya a tanda.

Malamar lekol, Yamai:
To, a nan aikin yake. Wannan rubutu tunatarwa ce ga wadda ta riga ta iya, ba koyarwa ba ce ga wadda ba ta iya ba. Ke da kika shekara kina yi, hannunki ya san "kaɗan" kuma ya san "daidai misali", amma amaryar da ta buɗe littafin ba ta sani ba, kuma idan masarta ta fito da tauri ko ta yi tsami ba za ta zargi kanta ba, littafin za ta zarga, ta kuma gaya wa ƙawayenta. Shinkafa nawa? Wadda za a dafa kashi nawa ce cikin wadda aka jiƙa? Kaurin ƙullun yaya yake, yana zuba daga ludayi a tsaye ko yana yankewa? Yaya za ta gane ya tashi? Ki rubuta mata abin da idonki yake gani: ƙullun ya hau ya kusa ninka kansa, samansa ya yi ƙananan idanu, idan aka buɗe murfi aka ji ɗan ƙanshin tsami. Ki kuma gaya mata cewa ƙullun da ke tashi da wuri a zafin watan Afrilu zai ɗauki lokaci mai tsawo a sanyin Disamba, sai an kai shi rana ko kusa da murhu.

Shawarata ita ce kada ki kai ko shafi ɗaya maɗaba'a sai kin ba wata yarinya da ba ta taɓa yin abincin ba takardar, ta shiga madafa ita kaɗai, ke kina waje ba ki ce mata uffan ba. Duk inda ta tsaya ta leƙo tana neman tambaya, a nan rubutun yake da giɓi. Aiki ne mai cin lokaci da kayan miya, amma shi ne zai bambanta littafinki da tarin saƙonnin da ake turawa a waya.

Hajiya mai kayan ɗaki, Birnin Ƙonni:
Malama ta yi gaskiya, kuma in ƙara da abin da muke gani a nan bakin iyaka. Mu tiya muka sani, amma da ka ƙetara Illela ka nufi Sakkwato mudu za ka ji ana faɗa, kuma ko tiyar ba girmanta ɗaya ba ne a kowace kasuwa. Ƙanwata, ki zaɓi abin awo wanda babu gidan da ba shi da shi, kamar kofin shayi da cokalin cin abinci da gwangwanin tumatir, ki ɗauki hotonsu ki sa a shafin farko, sannan ki rubuta nauyinsu da giram a gefe don masu sikeli. Kuma ki tuna ke girkin taro kika saba. Ki sauko da awon zuwa na gida mai mutum shida ko takwas, sannan a ƙasa ki nuna yadda za a ninka idan suna ne ko walima.

Maganar sayarwa kuwa, ni ban ga dalilin da zai sa ki jira shagon littattafai ba. Uwar amarya da ta zo wurina ta sayi tukwane da kuloli da faranti ba za ta ji nauyin ƙara littafi ɗaya a kai ba, idan na ɗora shi a saman tukunyar na ce mata wannan shi ne cikon kayan. Masu kayan ɗaki, masu ɗinki, masu lalle da gyaran amarya, su ne shagunanki.

Ɗaliba a jami'ar Tahoua:
Iyayena, ku yi mini haƙuri in sa baki. Mu ƴan mata yanzu a waya muke koyon girki, a Facebook da TikTok da rukunonin WhatsApp, kuma a waya muke karanta labaran Hausa da ake rubutowa daga Kano. Me zai hana Inna ta sayar da littafin a PDF, a biya ta Nita ko Amana ko Airtel Money, ta tura wa mutum nan take? Babu kuɗin takarda, babu kuɗin mota, kuma ƴan'uwanmu da ke Abidjan ko Faransa za su samu a rana ɗaya.

Mai shagon littattafai, Yamai:
Ƴata, ranar da ta tura wa mutum na farko, kafin dare ya yi littafin yana cikin rukuni goma, kuma babu wanda zai sake biyan ko dala. Ba mugunta ce take sa mutane haka ba, gani suke alheri suke yi wa ƙawayensu. Hajiya mai girki tana iya yi wa aikinta rajista a BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa, kuma ya kamata ta yi, domin shi ne hujjarta idan wani ya kwashe rubutunta da hotunanta ya buga da sunansa. Amma ofishi ba zai bi waya ɗaya bayan ɗaya ba.

Ɗaliba a jami'ar Tahoua:
Na yarda da wannan, Baba. To a juya abin: wayar ta zama talla, takardar ta zama haja. Inna ta riƙa sakin gajeren bidiyo, girki ɗaya a mako, a ga hannunta a cikin aiki, a ji muryarta, a ƙarshe ta ɗaga littafin ta ce sauran suna ciki. Ta kuma yi saƙon murya, domin mata da yawa a karkara ba su karatu amma suna da ƴaƴan da za su karanta musu, kuma su ne masu cewa a sayo. Ni zan iya taimaka mata da ɗaukar hotunan. Abin da na koya shi ne miyar kuka da tuwon gero ba su son hasken fitila ko na tsakar rana. Da safe a inuwa ake ɗaukarsu, a akushi ko a ƙwarya a kan tabarma, sannan launin miyar yake fitowa kore ba baƙi ba.

Tsohon ma'aikacin maɗaba'a, Yamai:
Madalla da ke, jikata. Sai dai idan za ki tura hotunan ta WhatsApp, ki tura su a matsayin fayil, kada ki tura su a matsayin hoto, domin manhajar tana matse su, kuma abin da ya yi kyau a fuskar waya yakan fito a dushe a takarda. Ku nemi a sa wa bangon leda mai sheƙi saboda maiƙo da ruwa, kuma ku tambayi farashin ɗaurin waya mai zagaye, wanda ke barin littafi ya kwanta a buɗe. Mai girki hannunta biyu a cikin aiki suke, ba ta da na riƙe shafi.

Hajiya mai kayan ɗaki, Birnin Ƙonni:
Baba, me ka gani game da kai aikin Kano ko Sakkwato? Tun shekarun 1980 marubutan Kano, mata da maza, suke buga littattafansu da kuɗinsu suna kaiwa kasuwa da kansu, don haka masu injin can sun saba da ƙaramin mawallafi kuma sun saba da Hausa.

Tsohon ma'aikacin maɗaba'a, Yamai:
Sun saba, Hajiya, kuma ba laifi ta nemi farashinsu ta gwada da na Yamai. Amma ta haɗa da kuɗin mota da na kwastan da canjin naira, ta kuma tuna cewa iyakar nan an rufe ta a 2023 ba a buɗe ba sai a 2024. Sannan su a can 'y suke rubutawa inda mu muke rubuta ƴ, don haka ta faɗa musu tun farko kada wani ya yi mata gyaran da ba ta nema ba. A bugun farko na fi son ta yi inda za ta iya zuwa da ƙafarta ta ga gwaji.

Mai shagon littattafai, Yamai:
Bari in yi lissafi na misali, ba farashin kasuwa nake faɗa ba, don dai Hajiya mai girki ta ga yadda abin yake tafiya. A ce kwafi 300 sun tsaya mata jika 600, wato jika 2 (sefa 2,000) kowane ɗaya, ta sa masa jika 4. Idan da hannunta ta sayar, sai ta sayar da 150 kafin uwar kuɗinta ta dawo. Idan ta shago ne, mai shago ya ɗauki kashi 30 cikin 100, sefa 2,800 ne zai shigo mata a kowane kwafi, sai an sayar da 215 ke nan. Kuma mu ajiya muke karɓa, sai an sayar muke biya. Ban sa kuɗin turo kwali daga Tahoua a motar Rimbo ko wata ba, ban kuma sa na kyauta ba, ga shi kuwa dangi da surukai da maƙwabta kowa zai ɗauka yana da kwafi a ciki. Ki ƙayyade na kyauta tun kafin kwalin ya iso gida, ki rubuta sunayen, abin da ya wuce haka kowa ya saya.

Malamar lekol, Yamai:
Wannan lissafi shi ne hujjar farawa da kaɗan. Yaya, kina da abin da yawancin marubuta ba su da shi, wato matan da suka ci abincinki suka san hannunki. Ki buɗe rajista tun yanzu a wuraren biki da ƙungiyoyin adashi, wadda ke so ta ba da rabin kuɗi, a rubuta sunanta a ba ta shaida. Yawan sunayen shi zai gaya miki kwafi nawa za ki buga, kuma kuɗin zai rage miki nauyin maɗaba'a. Lokacin fitarwa kuma ki auna shi da watan Sha'aban, lokacin da kowace mace take tunanin abin buɗa baki da na sahur, kuma ana yawan ɗaurin aure kafin azumi. Gidajen rediyon Tahoua suna da shirye-shiryen mata. Ki je da littafin da kwanon alkaki, ki yi bayanin girki ɗaya da bakinki. Idan SAFEM, baje kolin sana'o'in hannu na mata, ya zo a Yamai, ki nemi wata mai rumfa ku haɗa, ke da littafi da ɗanɗano, ita da hajarta.

Hajiya mai kayan ɗaki, Birnin Ƙonni:
Abu ɗaya yake damuna, ƙanwata. Wannan girki shi ne abincinki da na ƴaƴanki. Idan kika zuba sirrinsa duka a takarda, ba ki tsoron gobe wata ta karanta ta karɓe miki bukukuwan?

Mai girkin biki, Tahoua:
Yaya, na yi wannan tunani sosai, kuma ban ga abin tsoro ba. Wadda ke kirana biki ba don ba ta san yadda ake dambu ba take kirana. Tana kirana ne don in ciyar da ɗaruruwan mutane a kan lokaci, abinci bai ƙone ba, bai kwana ba, bai gaza ba, kuma wannan ba a koyonsa a littafi. Abin da nake tsoro shi ne akasin haka. Kilishinmu da albasar Galmi har rajista aka yi musu a OAPI, hukumar kare mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka, don a san na Nijar ne, amma tukuɗi da dambun da kakanninmu suke yi suna hannun tsofaffi, kuma ƴaƴanmu sun fi sanin taliya da magi. Duk wadda na koyi wani girki a wurinta zan je in nemi izininta, in ta yarda in sa sunanta da garinsu a ƙarƙashin girkin.

Ga abin da na tsayar. Zan sake rubuta kayen gaba ɗaya da awon kofi da cokali, na gida mai mutum shida, in ba ƴar ƙanwata da ba ta iya ba ta gwada kowane ɗaya. Wanda bai fito daidai a hannunta ba, ba zai shiga bugun farko ba. Zan tsaya a shafi 96 da hotuna a tsakiya, in buɗe rajista a bikin da nake da shi a ƙarshen wata. Baba, idan na gama zan turo maka ka duba mini kafin in nemi farashi.

Tsohon ma'aikacin maɗaba'a, Yamai:
Ki turo, ƴata. Idan za ki nemi farashin, ki je wuri uku, ki ba kowannensu bayani iri ɗaya a rubuce: girman A5 (rabin farar takardar ofis), shafi 96, 16 daga ciki masu launi, takardar ciki mai giram 80, bango mai leda, sannan su ba ki farashin kwafi 100 da na 300 da na 500, kowanne da ranar da za a miƙa miki aikin.